Ƙwaya da sitiyari: Matsalar da alƙaluman haɗurran Najeriya ba sa gani

A shekarar 2024, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ce mutum 5,421 ne suka mutu a haɗurran mota 9,570 da aka samu a faɗin Najeriya. A shekarar 2023 haɗurran sun fi haka yawa, domin sun kai 10,617, amma waɗanda suka mutu 5,081 ne. Wato haɗurran sun ragu, amma sun ƙara muni.

Duk wanda ya duba jadawalin musabbabin haɗurra da hukumar ke tattarawa, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ke wallafawa, zai ga gudun wuce sa'a ne ke kan gaba kusan kowace shekara. Daga shi sai ƙwacewar mota, da tuƙin ganganci, da fashewar taya, da tsinkewar birki. Tuƙi cikin maye yana can ƙasan jadawalin, da ɗan kason da bai taka kara ya karya ba.

Sai dai akwai wasu alƙaluman da ba su zauna daidai da waɗannan ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya gudanar tare da NBS a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda. Hakan ya kai kashi 14.4 cikin 100 na masu waɗannan shekaru, fiye da ninki biyu na matsakaicin adadin duniya a lokacin. A cikinsu, miliyan 10.6 tabar wiwi suke sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol da kodin ba tare da izinin likita ba.

Da wuya a ce ƙasar da mutum ɗaya cikin bakwai na masu ƙarfin aiki ke shan wani abu, a kan titi ne kawai kowa ke cikin hayyacinsa. Abin da ya fi kama hankali shi ne, matsalar tana nan, ma'aunin ne ba ya ganin ta.

Yadda maye ke ɓacewa a cikin rahoto

Idan haɗari ya auku a kan babbar hanya, aikin farko na jami'an FRSC shi ne ceto: a zaro waɗanda suka maƙale, a kai masu rauni asibiti, a janye mota daga kan kwalta. Bayan nan ne ake cike takardar da ke bayyana musabbabi, kuma abin da ido ya gani ake rubutawa. Sawun birki a kan titi ya nuna gudu. Motar da ta faɗa rami ta nuna ƙwacewa. Tayar da ta yage ta nuna kanta.

Abin da ke cikin jinin direba kuwa ba ya barin sawu a kan kwalta. Ba al'ada ba ce a Najeriya a ɗebi jinin direba a kai ɗakin gwaji bayan haɗari. Idan ya rayu, sau da yawa ya gudu don tsoron fushin jama'a, kuma kafin ya bayyana abin da ya sha ya bar jikinsa. Idan ya mutu, iyalansa na gaggawar yi masa sutura kamar yadda addini ya tanada, ba a kuma cika binciken gawa ba.

Saboda haka direban da ƙwaya ta cire masa tsoro ya taka totur har ƙasa, a rahoto sunan laifinsa gudun wuce sa'a. Wanda gyangyaɗi ya ɗauke shi bayan ƙarfin ƙwayar ya sake shi, a rubuta mota ce ta ƙwace. Rahoton bai yi ƙarya ba, amma ya tsaya a kan abin da ya faru, bai kai ga abin da ya jawo shi ba.

Ko yawan mamatan ma akwai magana. A rahotonta na 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kusan mutum 40,000 ne suka mutu a titunan Najeriya a 2016, shekarar da alƙaluman hukuma suka nuna ɗan sama da 5,000. Idan har gawa na iya kuɓuce wa lissafi, ba abin mamaki ba ne ƙwayar da ke cikin ciki ta kuɓuce.

Barasa a can, ƙwaya a nan

Yawancin gangamin wayar da kai kan tuƙi cikin maye an gina shi ne a kan barasa, kuma akwai dalili. WHO ta ce haɗarin yin karo yana fara hauhawa tun daga ɗan abin da mutum ya kurɓa, sannan ya yi tsalle idan barasar da ke cikin jini ta kai giram 0.04 a kowane desilita. A tashoshin mota da dama na Kudu da tsakiyar ƙasar, ana sayar da barasar leda da jiƙe-jiƙen da aka haɗa da ogogoro a matsayin maganin basir ko ciwon baya, a gaban motocin da ke lodi.

A jihohin da ke bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, lamarin ya sha bamban. An hana sayar da barasa a fili, kuma Hukumar Hisbah ta Kano ta sha fasa dubban kwalabe a bainar jama'a. Mai shan barasa yana wari, yana tangaɗi, jama'a na ƙyamarsa. Mai haɗiyar ƙwaya kuwa ba ya wari. Zai jefa ta a baki ya kora da shayi, ya yi alwala ya bi jam'i, ya hau mota fasinja na yi masa fatan sauka lafiya. Da yawa ma ba sa ɗaukar ta a matsayin kayan maye, sunanta a wurinsu maganin gajiya. Binciken 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 a Arewa maso Yamma, kimanin mutum miliyan uku, na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi.

Kowane abu da irin ɓarnar da yake yi a bayan sitiyari. Tiramadol, wanda aka fi sani da tiramol, maganin kashe raɗaɗi ne na dangin ofiyom, amma yana kuma taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ji kuzari. Shi ya sa masu aikin ƙarfi ke son sa: ciwon baya ya lafa, gajiya ta ɓuya. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babba, kuma ƙwayar da Hukumar NAFDAC ta amince da ita mai miligiram 50 ce da mai 100. Wadda ake fasa-ƙwaurinta kuwa tana zuwa da 200 ko 225 ko 250. Ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun haura iyakar yini guda. Ɗaya daga cikin sanannun illolin wuce iyakar shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda ke zuwa ba sallama. Direban tankar da wannan ta same shi yana kan gudu ba shi da sauran iko da motar.

Kodin da diyazefam da rohifnol, wanda matasa ke kira roci, suna kashe jiki ne su kawo barci, su kuma rage saurin ɗaukar mataki. Tabar wiwi tana dagula yadda mutum ke auna nisa da lokaci, abin da direba ya fi buƙata idan zai wuce wata motar a hanya mai hannu biyu. Ƙwayoyin da ke zaburarwa, dangin amfetamin, su ne ke hana ido rufuwa su kuma ƙara wa mutum ƙarfin hali na ƙarya. WHO ta ce wanda ya sha su ya ninka wanda bai sha ba kusan sau biyar wajen yiwuwar yin haɗarin da za a rasa rai. Sannan ga gaɗagi, shayin itatuwan da ya yi suna a wurin 'yan acaɓa da leburori a Kano, wanda babu mai iya cewa ga adadin abin da ke cikin kowane kofi.

Abin da ya fi muni shi ne gauraye: a sha ta zaburarwa don a yi tafiya, a sha ta kashe jiki don a samu runtsawa, gobe a sake.

Me ke kai direba ga shan ƙwaya?

Ba kowane direba ne ke shaye-shaye ba. Akwai dattawan da suka shekara talatin suna bin hanyar Legas ba su san komai ba sai goro da shayi. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma duk mai son fahimtar waɗanda ke sha sai ya dubi yadda ake biyan direba.

Mafi yawan direbobin haya ba su da albashin wata. Direban bas ko na A Daidaita Sahu yana aiki ne da balas: akwai adadin da zai kai wa mai mota kowace rana ko kowane mako, abin da ya saura bayan mai da kuɗin tasha da na ɗan kamasho shi ne nasa. Wanda ya karɓi mota a tsarin biya sannu a hankali, idan ya gaza 'yan makonni za a iya ƙwace ta, abin da ya zuba a baya ya bi ruwa. Direban tirela kuma da yawan sawu ake auna shi, kuma daga kuɗin hanyar da aka ba shi zai ci abinci, ya sallami yaran mota, ya bi ta shingayen da ke kan hanya. A duk waɗannan tsare-tsare, awa ɗaya ta barci asara ce daga aljihun direba shi kaɗai.

Tsadar mai ta ƙara matse wannan lissafi. Farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya tashi, amma fasinja sun ragu, kayan gyara sun yi tsada. Hanya ɗaya da ta rage wa direba ya cike giɓin ita ce ya ƙara sawu, kuma ba a ƙara sawu sai an rage barci.

Sai kuma yanayin kayan da ake ɗauka. Tsakanin Kano da Legas kimanin kilomita 1,000 ne, kuma kusan duk abincin da Arewa ke aikawa Kudu ta mota yake tafiya. Hatsin Dawanau zai iya jira. Tumatir da tattasai da ke kan hanyar kasuwar Mile 12 ba sa jira, domin kowace awa a cikin rana kwanduna ne ke ruɓewa. Shanun da aka loda a Wudil ko Potiskum ko Maigatari suna tsaye ne ba ci ba sha, kuma idan ɗaya ta faɗi asarar dubban ɗaruruwa ce. Mai kaya yana kan waya, wani lokaci ma yana zaune a gidan gaba kusa da direba, abin da yake so kawai a isa kafin kasuwa ta ci.

Ko direban ya so ya huta, ina zai tsaya? Wuraren da manyan motoci ke yada zango, irin su Mararrabar Jos da Tafa da Mokwa da Ogere, yawanci gefen titi ne da ya zama tasha da kansa. Babu ɗakin kwana na kirki, sai ƙarƙashin mota ko kan benci. A nan ne kuma mai tallar magani ke zagayawa da kwalinsa. A tsakanin waɗannan garuruwa akwai dazuzzukan da matsalar tsaro ta sa babu mai gangancin kashe mota a cikinsu, kamar yadda masu bin hanyar Birnin Gwari suka sani shekara da shekaru. Ga lalacewar hanya da ke mayar da tafiyar yini guda ta zama ta kwana biyu ko uku.

A irin wannan hali ƙwaya ta zama kamar kayan aiki. Matashin da ya fara a matsayin yaron mota yana ganin maigidansa na sha, shi ma ya koya tare da koyon canza giya. Daga baya jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Ranar da bai sha ba sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin natsuwa, har ya kasa aikin da a da yake yi ba tare da komai ba. Wanda ya fara sha don ya yi aiki ya koma yin aiki don ya samu na sha.

Barci bashi ne

Kuskuren da ke ƙarƙashin duk wannan shi ne zaton cewa ƙwaya na maye gurbin barci. Ba ta yi. Tana rufe alamar gajiya ne kawai, kamar wanda ya cire fitilar gargaɗin mai a gaban mota ya ce tanki ya cika.

Wani bincike da masana a Ostireliya suka wallafa a mujallar Nature a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, ƙwazonsa na raguwa daidai da na wanda ke da barasa giram 0.05 a jini. Idan ya kai awa 24, ya yi daidai da mai 0.10, wanda ya haura iyakar da dokar kusan kowace ƙasa ta yarda a yi tuƙi da ita. Ma'ana, direban da ya tashi da asuba ya yi lodi, ya kama hanya da yamma, ya kai tsakar dare yana tuƙi, tamkar mashayi yake ko da bai taɓa kurɓar komai ba a rayuwarsa.

Ƙwaƙwalwar da aka hana barci tana karɓar haƙƙinta da ƙarfi, ta hanyar ɗan gyangyaɗin daƙiƙa biyu ko uku wanda mai yin sa ma bai san ya yi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa uku ya isa ta yi tafiyar sama da mita 80 babu mai riƙe da ita.

Jihar Kano ta ga abin da gajiya kaɗai ke iya yi. Ranar 31 ga Mayun 2025, motar da ta ɗauko tawagar jihar daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su iso gida. Mutum 22 suka rasu. FRSC ta danganta haɗarin da gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Babu wanda ya ambaci shaye-shaye a wannan lamari, kuma darasin ke nan: idan gajiya ita kaɗai za ta iya cin rai 22, to haɗa ta da ƙwayar da ke hana direba jin cewa ya gaji ƙara wa wuta fetur ne.

Kame da haramci: an sare reshe

Gwamnati ba ta zauna haka nan ba, amma ƙarfinta ya fi karkata ga toshe hanyar shigowar kaya. A ranar 1 ga Mayun 2018, kwana guda bayan wani binciken BBC ya fallasa yadda ake karkatar da maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. A shekarar ce kuma Indiya, inda mafi yawan tiramadol ɗin da ke Afirka ta Yamma ke fitowa, ta saka shi cikin magungunan da ake tsananta sa ido a kansu. Tun da Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya ya karɓi ragamar Hukumar NDLEA a Janairun 2021, kusan kowane mako sai an sanar da kama ƙwayoyi a tashoshin ruwa da filayen jiragen sama da manyan hanyoyi. A Kano, an tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa cibiyar Dangwauro a farkon 2024 domin a iya bin sawun abin da ake sayarwa.

Waɗannan matakai sun yi tasiri, amma kasuwa ta nemi wata ƙofar. Da tiramadol ya yi wuya, sai ga wasu ƙwayoyin da aka haɗa tafentadol da karisofrodol, masu sunaye irin su Tafrodol, sun cika Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa. Sai a Fabrairun 2025, bayan wani binciken na BBC, Indiya ta hana haɗa su da fitar da su. Muddin akwai mutumin da ke buƙatar ya yi awa 20 a kan sitiyari, za a samu mai sayar masa da abin da zai riƙe shi.

Ta ɓangaren barasa ma haka abin yake. NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin barasar leda da ta ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200 a Fabrairun 2024, bayan wa'adin shekara biyar da aka ba kamfanoni tun 2018. Masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Barasar leda ita ce ta fi dacewa da aljihun direba: ga araha, ga sauƙin ɓoyewa.

Doka da na'urar da ba ta jin ƙwaya

Dokar da ta kafa FRSC ta 2007 ta tanadi tarar naira 5,000 ga wanda aka kama yana tuƙi cikin maye. A lokacin da aka rubuta ta, mafi ƙarancin albashi naira 5,500 ne, wato tarar ta kusa cinye albashin wata. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, kuma a ƙarshen shekarar naira 5,000 ba ta sayen lita biyar ta fetur a garuruwa da dama.

Ko an ƙara tarar, sai an kama mutum kafin a ci shi. Na'urar busawa da jami'an hanya ke amfani da ita, musamman a watannin ƙarshen shekara, barasa kaɗai take ganowa. Direban da ya haɗiyi tiramol uku zai busa ta ta nuna sifili, a sara masa ya wuce.

Shugaban NDLEA ya sha yin kira da a riƙa yi wa direbobin haya gwajin ƙwaya, kuma kiran na da ma'ana. Amma gwaji iri-iri ne. Na fitsari yana nuna cewa mutum ya sha wani abu a kwanakin baya, tabar wiwi ma takan yi makonni tana bayyana, amma ba ya nuna ko a buge yake a wannan lokaci. Na yawu shi ya fi dacewa da bakin hanya domin yana kama abin da aka sha ba da jimawa ba, sai dai yana da tsada. Sannan yawancin kayan gwajin da ake yi don kasuwannin Turai da Amurka ba sa gano tiramadol sai an saka shi musamman. Ƙasar da ta sayo su ba tare da lura da wannan ba za ta kashe kuɗi ta kuma samu sakamakon da zai ce babu matsala. Gwajin da ake yi sau ɗaya lokacin sabunta lasisi kuwa, direba zai ƙaurace wa ƙwaya na mako guda ya ci jarrabawa.

Yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa lamarin

Jihar Victoria ta Ostireliya ce ta fara gwajin yawu na ba-zata a bakin hanya a 2004. Ingila da Wales suka bi sahu a Maris ɗin 2015 da dokar da ta ƙayyade adadin ƙwayoyi daban-daban a jini. A Amurka, tun dokar 1991 ake yi wa direbobin manyan motoci gwaji kafin ɗauka aiki, da na ba-zata, da kuma na dole bayan duk haɗarin da aka rasa rai. Daga 2020 aka buɗe rumbun bayanai na ƙasa, ta yadda wanda ya faɗi gwaji a wani kamfani ba zai lallaɓa ya koma wani ba.

Amma babu ɗaya daga cikinsu da ta tsaya a gwaji. A Tarayyar Turai, dokar 2006 ta ce direban babbar mota ba zai wuce awa tara yana tuƙi a yini ba, sai dai goma sau biyu a mako, kuma dole ya huta minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta duk wannan. Abu mafi muhimmanci, dokar ta ɗora wa kamfani alhakin laifin direbansa, ta kuma hana biyan direba gwargwadon nisan tafiya ko yawan kaya idan hakan zai jefa jama'a cikin haɗari. Wato sun gane cewa mai riƙe da sitiyari ba shi kaɗai ke tuƙa motar ba.

Abin da zai yiwu a nan

Najeriya ba daga sifili za ta fara ba. Tun 2007 FRSC ke da tsarin da ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya yi rajista ya kuma naɗa jami'in kula da kiyaye haɗari. Tun Fabrairun 2017 ake tilasta saka na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Akwai kuma binciken da ake yi wa tankoki a defo kafin a yi musu lodi. Ga ƙungiyoyi masu ƙarfi da ke iko da kowace tasha: NURTW da RTEAN da NARTO ta masu manyan motoci, da reshen direbobin tanka na NUPENG. Ƙungiyar da ke iya karɓar kuɗin tasha daga kowace mota kowace rana ba za ta kasa sanin direban da ya iso da asuba yake neman juyawa da hantsi ba.

Mataki na farko, kuma mafi araha, shi ne a wajabta gwajin jini ga direbobi a duk haɗarin da aka rasa rai, ko da a manyan hanyoyi kaɗan za a fara, kamar Abuja zuwa Kano da Legas zuwa Ibadan. Cikin shekara guda ƙasar za ta san girman abin da take fama da shi da kuma irin ƙwayoyin da ya kamata ta nema.

Na biyu, a mayar da gwaji wurin lodi: defo, da masana'antar siminti, da kasuwar hatsi da ta dabbobi, da manyan tashoshi. Ya fi sauƙi a tsayar da direba kafin ya tashi da a tare shi a tsakiyar daji da shanu arba'in a bayansa.

Na uku, alhaki ya hau har kan mai mota da mai kaya. Doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Legas ta zama ta direba biyu, a rubuta lokacin tashi da na isa a takardar fasinja ko ta kaya. Motar da ta isa cikin lokacin da ba zai yiwu ba sai an ƙi barci, mai ita ya amsa tambaya. Wannan zai ƙara kuɗin dako, kuma masu motoci za su yi ƙorafi. Amma ana biyan kuɗin tun yanzu, sai dai marayu da zawarawa ne ke biya.

Na huɗu, wuraren hutawa masu tsaro da ruwa da makwanci a kan manyan hanyoyi, waɗanda ƙungiyoyin direbobi za su tsare daga masu tallar ƙwaya. Umartar mutum ya huta alhali babu inda zai kwanta wasa da hankali ne.

Na biyar, magani. Wanda jikinsa ya saba da tiramadol ba ya dainawa don an yi masa wa'azi ko an ci shi tara, kuma yankewa lokaci guda na jefa shi cikin ciwo. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware, da na Dawanau a Kano, da cibiyoyin NDLEA, suna karɓar masu wannan lalura. Idan faɗuwa gwaji na nufin kora kawai, direba zai ɓuya ya koma wata tashar. Idan kuma tana nufin dakatarwa da magani da damar dawowa, akwai waɗanda da kansu za su kawo kansu.

Fasinja ma na da nasa kason. Sau da yawa shi ne ke yi wa direban da ke tafiya a hankali tsiya, yana tambayar ko kwana za a yi a hanya, shi ne kuma ke zaɓen motar dare don ya ribaci yini, duk da gargaɗin da FRSC ta sha yi kan tafiyar dare. Malamai kuma, da suka daɗe suna bayanin cewa duk abin da ke gusar da hankali hukuncinsa ɗaya da giya, suna da sauran aiki wajen kai wannan bayani masallatan tasha, tare da tunatar da masu motoci cewa ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa shi ma abin tambaya ne.

A kowane ƙarshen shekara hukumomi kan shiga tashoshi da lasifika suna jan kunnen direbobi. Jan kunnen na da amfani, amma direban da ke saurare yana da balas da zai kai da yamma, da mai kaya da ke jiransa a Legas, da mai kwalin magani a bayan motarsa. Har sai ranar da barcin direba ya daina zama asararsa shi kaɗai, ƙwaya za ta ci gaba da samun kasuwa a bakin hanya, jadawalin haɗurra kuma zai ci gaba da kiran ta gudun wuce sa'a.